Kana Son Haɗa Injin Zarto Da Kanka? Ga Wurare 4 Da Bai Kamata Ka Nemi Araha Ba

Idan kana yawan leƙa YouTube ko TikTok, ƙila ka ci karo da bidiyon wani da ya ɗauko wili biyu da tsohon moto, kafin minti goma sai ga inji yana ta yanka katako. Shi ne injin da ake kira bandsaw da Turanci. Ruwan zartonsa, wato ƙarfen nan mai haƙora, an haɗe bakinsa biyu ya zama kamar ɗamara, yana zagaya wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Ra'ayina a kan wannan aiki shi ne: eh, ka haɗa. Kafinta ko mai walda da ya san hannunsa zai iya. Amma bidiyon minti goma ba ya nuna maka inda za ka rage kuɗi lafiya lau, da inda ragin zai ci maka injin ko yatsa.

Inda za ka iya rage kuɗi

Gangar jikin injin ba sai da sabon ƙarfe ba. Akwai wani ɗan Kanada mai suna Matthias Wandel da ya yi suna a YouTube wajen ƙera irin wannan inji da katako. Firam ɗin katako ne da aka manna falle a kan falle da gam, wilin ma na katako ne, kuma robar da ya naɗa a bakin wilin tiyub ɗin keke ce. Kai kuma idan walda ce sana'arka, fayif mai kusurwa huɗu mai kauri zai yi maka. Teburi, ƙafafu, fuli da moto, duk za ka iya nemo na hannu a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Sharaɗi ɗaya ne: kada firam ɗin ya lanƙwasa. Idan aka ɗaure ruwan zarto mai faɗin rabin inci yadda ya kamata, ƙarfin da yake janyo wilin sama da na ƙasa zuwa ga juna ya fi nauyin buhu biyu na siminti. Firam mai rauni zai ɗan sunkuya, ruwan ya saki, yankan ya riƙa karkacewa. Daga nan sai ka yi ta zargin ruwan zarto alhali laifin firam ne.

Yanzu ga wurare huɗun.

1. Ruwan zarto

Tun asali nan ce matsalar wannan inji. Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar fasahar tun 1809, amma ba ta karɓu ba saboda mahaɗin ruwan yana yawan tsinkewa. Sai a 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar haɗa bakin ƙarfen ya riƙe. Abin da ya ɗauki maƙeran Turai shekaru sama da talatin, ba da waldar ƙofa ta bakin titi za ka warware shi ba. Ka sayi haɗaɗɗe, ko ka kai wa masu injin haɗa shi.

Kuma ka saye shi tun kafin ka yanka ko da fayif ɗaya, domin tsawonsa ne zai faɗa maka girman injin. Lissafin ba wuya: ka ninka faɗin wili da 3.14, ka cire abin da ka samu daga tsawon ruwan, ka raba saura gida biyu. Misali, ruwa mai tsawon santimita 237 a kan wili mai faɗin santimita 35: zagayen wilin kusan 110 ne, saura 127, rabinsa 63 da rabi. Wannan ita ce tazarar da za ta kasance tsakanin tsakiyar wili biyun. Wanda ya fara da firam yakan ƙare da injin da babu ruwan da ya yi masa daidai a kasuwa.

Wajen zaɓe, katako mai kauri yana son haƙora 3 ko 4 a kowane inci, siriri kuma yana son 6 ko fiye, ta yadda a kowane lokaci aƙalla haƙora uku suna cikin katakon. Ruwa mai faɗin milimita 6 na yankan lanƙwasa ne, mai 12 zuwa sama na miƙaƙƙen yanka.

2. Wili da boris

Wilin keke yana da jan hankali don kusan kyauta ne, amma ban ba ka shawara ba. Bakinsa rami ne a tsakiya, alhali injin zarto akasin haka yake so, wato tsakiyar bakin wilin ta ɗan yi tudu kaɗan. Ruwan zarto kullum yana hawa inda ya fi tudu, wannan ɗan tudun shi ke riƙe shi kada ya zame. Sannan sandar wilin keke siririya ce, an yi ta ne a riƙe ta gefe biyu, a nan kuwa gefe ɗaya kawai za a riƙe don ruwan ya samu hanyar shiga.

Ka manna filawud mai kaurin milimita 18 falle biyu, ka yanka da'ira, ka ɗora a kan shaf ɗinsa, sannan ka gyara zagayen yana juyawa a kai. Bayan haka ka cire bel ka juya shi da hannu. In kullum gefe ɗaya ne ke komawa ƙasa, wannan gefen ya fi nauyi, sai ka rage shi da 'yan huji. Kada kuma ka ƙanƙanta wilin. Ƙaramin wili yana lanƙwasa ruwan da yawa a kowane zagaye har ya fara tsagewa. Santimita 35 zuwa 40 ya yi.

Boris kuwa sabo za ka saya, mai rufi gefe biyu saboda ƙura. Mai lamba 6204 yana shiga shaf na milimita 20, 6205 kuma na 25. Tsohon boris da aka wanke da fetur zai yi maka shiru a shago, ya fara kuka bayan sati ɗaya a ƙarƙashin nauyi. Ƙananan masu lamba 608 su ne za ka sa a gefe da bayan ruwan, sama da ƙasan teburi, don su hana shi murɗewa.

3. Gudun moto

A nan ne kwaikwayon bidiyo ido rufe yake cutarwa. Wasu daga cikin masu bidiyon a Amurka da Kanada suke, inda wuta take bolt 120 kuma moto irin nasu ke juyawa kusan 1725 a minti. Namu a Najeriya da Nijar, a kan wutar 220 zuwa 230, yana yin kusan 1400, wani kuma 2800, kamar na famfon ruwa. Don haka kada ka kwafi girman fulinsu. Ka karanta ɗan allon ƙarfen da ke jikin naka moton.

Yankan katako yana son ruwan ya yi gudun kusan mita 900 a minti. Wili mai santimita 40 zagayensa mita 1.26 ne, ke nan ana son ya juya kusan sau 700 a minti. In motonka mai 1400 ne, fulin wili ya ninka na moto sau biyu, misali inci 6 da inci 3. In mai 2800 ne, sau huɗu. Wanda ya haɗa mai 2800 kai tsaye da wilin, ya sa ruwan gudun da ya ninka ƙa'ida sau huɗu, a kan wilin da aka manna da gam. Allah ya kiyaye. Injin garanda ma kada ka kusanta, shi yana haura 10,000 a minti.

Moto mai hos ɗaya, wato kusan wat 750, ya wadatar. Ka sani cewa lokacin tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in ya daidaita, don haka ƙaramin janareta ba zai tashe shi ba. Wannan gudun kuma na katako ne kaɗai. Ƙarfe yana son ƙasa da mita 100 a minti, in ka gwada a gudun katako haƙoran za su mutu nan take.

4. Murfi da makunni

Masu bidiyo kan bar injin a buɗe don kyamara ta ga yadda yake juyawa. Kai ba fim kake yi ba. Ruwan zarto yana tsinkewa, ko mai tsada ne, kuma in ya tsinke murfin wili ne zai tare shi. Ka rufe wili biyun, ka rufe bel, ka rufe duk ruwan in ban da ɗan wurin da ke yanka. Mariƙin sama ya zama mai hawa da sauka, ka riƙa sauke shi kusan milimita 5 a saman katakon.

Makunnin ma ba irin na ƙwan ɗaki ba. Ka san halin wutarmu: a ɗauke kana tsakiyar yanka, ka sa hannu kana zaro katakon, a dawo da ita babu sallama. Ka nemi makunni mai maganaɗisu, mai maɓalli kore da ja, wanda in wuta ta ɗauke yake kashe kansa, ba zai sake tashi ba sai ka danna. Ka haɗa wayar at a jikin moto da firam. Wannan makunnin ya fi fenti da duk wani ado muhimmanci.

Sauran kuma ɗabi'a ce. Kada ka sa safar hannu, kada ka yi aiki da riga mai faɗin hannu. Ka tura ƙaramin katako da sanda. Kada ka yanka zagayayyen icce ba tare da ka ɗaure shi ba, domin haƙoran za su mirgina shi su ja hannunka. Ka sa gilashin kariya da takunkumi, ƙurar katako ba ta wasa da huhu. In akwai yara a gidan, ka zare filogi duk lokacin da ka tashi.

Wani zai ce, to in duk sai na sayi waɗannan, ina arahar take? Gaskiya ne, kuɗin zai haura abin da bidiyo ya sa ka zata. Shi ya sa kafin ka kashe ko sisi, ka buɗe wayarka ka rubuta: ruwan zarto biyu, boris, shaf, fuli, bel, moto, makunni, filawud, gam, kuɗin walda, da kwanakin da za ka bar aikinka. Ka zaga kasuwa ka sa farashin yau a gaban kowanne. Sannan ka tambayi kuɗin inji na hannu mai girma ɗaya. In sun yi kusa, ka sayi na hannun ka gyara. In kuma ɗan yankan lanƙwasa kake yi jefi-jefi a siririn filawud, ƙaramin zarton lantarki na hannu ya ishe ka.

Amma in kana da moto a ajiye, kana da ragowar ƙarfe ko katako, kuma aikinka yana buƙatar tsaga katako mai kauri kullum, to haɗawa riba ce. Za ka samu injin da ka san kowane noti nasa, in ya lalace ba sai ka jira kaya daga waje ba. Sai dai in kuɗinka bai kai na murfi da makunni ba, ka dakata har ya kai. Kada garin neman gira a rasa ido.

Kafintoci da masu walda da ke cikinmu, wanda ya taɓa haɗawa ya faɗa mana girman wili da moton da ya sa, don masu shirin farawa su amfana. Ku kuma tura wa duk wanda kuka san yana da wannan niyya.