Matasan Gobir Da Shaye-shaye: Magani Bai Ƙarewa A Asibiti

Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Sai dai doka ba ta raba matashi da tsofaffin abokansa.

A Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka raba jama'a da gonakinsu, wanda aka sallamo daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kan koma majalisar da ta lalata shi. Shi ya sa zaman mako-mako tsakanin waɗanda suka daina yake da muhimmanci, domin mai fama ya fi sauraron wanda ya ɗanɗana. Wajibi ne hakimai, limamai da shugabannin ƙananan hukumomi su ba su wurin taro, su rufa musu asiri.