Binciken noma da manomi zai iya ɗauka zuwa gonarsa

A farkon shekarun 1980, manoman yankin Maraɗi a Nijar kan share gonakinsu ƙaf kafin damina, ba sa barin ko tsiro. Iska ta riƙa kwaso rairayi tana binne shuka, har sai an sake yin wata. Itatuwan da aka kashe kuɗi aka dasa kuwa, fari da awaki suka gama da yawancinsu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa duk shekara suna fitowa ne daga kututturen da har yanzu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran da addarsa. Yau ana ƙiyasta cewa wannan sassabin zamani ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, ciki har da gawo, mai zubar da ganye da damina don gero ya samu rana.

Abin ya bazu ne domin sana'a ce da maƙwabci zai gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya ba tare da ya ci bashi ba. Wannan ne ma'aunin da ya kamata masu tsara binciken noma a arewacin Najeriya su riƙe.

Ba a rasa masana ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tana aiki tun 1922, kuma a 2019 ta fito da irin wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Aiki ne abin yabawa. Sai dai iri yakan fito daga cibiya ya maƙale a hanya, domin malaman gona sun yi ƙaranci, akwai ƙauyukan da kan yi shekara ba su ga ko ɗaya ba. Yadda ilimi ke isa ga manomi, da dalilin da ya sa yake karɓa ko ya watsar, shi ma fanni ne da ya cancanci kuɗin bincike, ba a bar shi a matsayin ragowar aiki ba.

Ajiya ta fi kowane fanni buƙatar wannan kulawa. Manomi kan sayar da wake da kaka a farashi mai rauni saboda tsoron ƙwaro, ko ya zuba masa maganin feshi mai guba. Saboda wannan maganin ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Amma buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masanan Afirka, yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu guda. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron ya rasa numfashi. Ya karɓu ne saboda an bi ƙauyuka ana cika buhu a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance shi kowa ya gani da idonsa. Tambayoyin da suka rage na kasuwa ne: ina buhun yake a kusa, nawa ne, kuma mata, waɗanda da yawa ke riƙe da rumbu da sarrafa wake, suna samunsa kuwa?

Sai batun faɗakarwa da wuri. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna kafin manoma da yawa su gane abin da ya same su. Horar da matasan ƙauye su duba ƙarƙashin ganye su kai rahoto, da isar da hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, cikin Hausa ta rediyo kafin shuka, ba su kai tsadar ɗakin gwaji ba.

Gwamnatocin jihohi da masu ba da tallafi su sanya sharaɗi cikin kowane aikin bincike: a koma ƙauyen bayan damina uku, a ƙirga manoman da har yanzu ke amfani da abin da aka kawo, da waɗanda suka koya daga gare su, sannan a yanke shawarar ƙarin kuɗi.