An Ba Su Tamfol: To, Wa Ya Tambaye Su?

Duk shekarar da kogin Isa ya tumbatsa, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira Kwara, jimloli iri ɗaya ake karanta mana a rediyo game da mutanen bakin ruwa na Gaya, Tanda da Tunuga: an kwashe su, an tsugunar da su, an raba musu tamfol. Mu ɗaliban kimiyyar harshe mun san aikin wannan ƴar kalma "an": tana ɓoye mai aikatawa. Wanda ruwa ya ci gidansa kuwa kullum karɓau ne a jimla, ba ya taɓa zama aikau. Ba za ka ji an ce "sun zaɓa" ko "sun gina" ba. Ni a ganina matsalar matsugunin gaggawa a ƙasar nan daga wannan nahawun ta faro.

Kalma ta biyu da nake tuhuma ita ce "wucin gadi". Da an furta ta, shi ke nan, kowa ya wanke hannunsa: ai kwana kaɗan ne, a yi haƙuri. Kwana kaɗan ina? Mutanen Difa da suka gudu daga bakin tafkin Cadi tun 2015 sun shafe shekaru a gefen babbar hanya. Mu ma nan, da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, direbobi sun yi wata da watanni suna kwana ƙarƙashin motocinsu. A daminar 2024 ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, kuma wanda gidan ƙasarsa ya narke a Agusta ba ya sake gini sai ruwa ya janye, ƙasa ta bushe, kuɗi sun samu. Cikin wannan "wucin gadi" mace za ta haihu, tsoho zai yi jinya, yaro zai yi karatun jarrabawa. Saboda haka ɗaki ne ake bukata, ko da ƙarami ne.

Yanzu mu duba abin da ake bayarwa. Tamfol na agaji yawanci mita 4 ne a kan mita 5. Yana tare ruwa, wannan gaskiya ne, kuma a Gaya, inda ruwan shekara ke kai wajen milimita 800, ba abin rainawa ba ne. Amma damina wata huɗu ce. Sauran shekara fa? A watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Shiga ƙarƙashin leda da azahar ka gaya mini in ba tanda ba ce. Iska ba ta ratsa shi, rana tana cin sa, hunturu yana yaga shi, in ya mutu kuma ya zama shara da awaki ke haɗiya. Da dare in an kunna fitila, na waje yana ganin inuwar duk abin da ake yi a ciki. Haba! Wane magidanci ne zai kira wannan sutura?

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji da kansu suka amince da su, sun ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi. Iyali mai mutum shida ke nan na bukatar murabba'in mita 21. Tamfol ɗaya, ko shimfiɗa shi aka yi a ƙasa, 20 ne. Lissafin ma bai kai ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ilmin yana nan cikin bakinmu. Bukka, rumfa, zana, jinka, tsaiko, tanka, gofa, asabari, daɓe, danga. Harshe ba ya tara kalmomi haka a kan abin da masu shi ba su iya ba. Masunta da makiyaya da manoman da ke tarewa gona sun daɗe suna kafa ɗaki a yini guda, su tashe shi in lokaci ya yi. Sun san ƙofa ba ta kallon gabas, don daga can hadari ke tasowa. Sun san a ɗaga daɓe sama da ƙasa. Sun san mata na bukatar danga da makewayi kafin komai.

Ga abin da nake cewa a yi. Gofofi da tsaiko su ɗauki nauyi. Zanar gamba ta zama bango, don iska ta wuce, ido kuwa ya tsaya. Tamfol ya koma inda yake da amfani, wato cikin rufi, a lulluɓe shi da ciyawa ko tabarmar kaba don rana kar ta taɓa shi. A yi ƴar rumfa a gaba ta girki da hira. Komai ya zama na ɗauri da igiya, ta yadda in an tashi za a kwance a ɗora a amalanke. Wannan ba mafarki ba ne: Kurwa Ruj ta Lukzambur ta yi aiki da irin wannan tunani a Difa, inda ta haɗa tabarmi da tamfol a kan ƙira mai kama da tantin Buzaye. Waɗanda kuma aka mayar tudu don zama mai tsawo, akwai ginin tubali marar azara da aka fara gwadawa a Cikal tun 1980.

Na san abin da za a ce. Na farko, gobara. E, ciyawa tana ci da wuta. Leda ma tana ci, har ta ɗiga a jikin yaro. Maganin shi ne tazara tsakanin ɗakuna da fitar da murhu waje. Na biyu, daji zai ƙare. Ba wanda ya ce a sare giginyar Dallol Mauri. Gamba da kara duk shekara suke fitowa. Na uku, kuma shi ne mai nauyi: ambaliya na zuwa a Agusta da Satumba, lokacin da ba a yanki ciyawa ba. To, ai da ma ba ranar tafiya ake kiwon jaki ba. A sayi zana da kaka, a ajiye a ma'ajiyar kowace ƙaramar hukuma kamar yadda ake ajiye hatsi. Kuɗin su shiga aljihun masaƙa na ƙauyukanmu, maimakon su bi jirgin ruwa su tafi.

Ban ce a ƙi karɓar taimako ba, kuma ban raina masu kawo shi ba. Daren farko, ruwa na zuba, tamfol rahama ne. Abin da na ƙi shi ne daren farko ya zama shekara biyu.

Mu ɗalibai muna da rabonmu. Hutu mai zuwa mu ɗauki littafi da alƙalami mu je wurin masu saƙar zana da masu jinka, mu rubuta sunan kowane itace da kowane ƙulli da Hausa, Dandanci, Zabarmanci da Fulatanci, tare da awo da farashi. Mu kai wa magajin gari kafin hadarin farko. Ranar da injiniya zai zauna zana matsuguni, ya tarar da masu ɗakin sun riga shi magana.