Keken Amarya Ya Zama Wurin Jera Kwanuka: Laifin Wa?

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare a gidajen matasa magidanta, wanda ido ya saba da shi har ya daina ba kowa mamaki. Za a kai amarya da keken ɗinki a cikin kayan ɗakinta, sau da yawa ma uwarta ce ta daɗe tana zuba adashi kafin ta saye shi, don 'yarta ta samu abin riƙe kanta a gidan miji. Bayan shekara biyu ko uku idan an shiga ɗakin sai a tarar da keken nan a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zani, an jera kwanuka a kansa, ya yi tsatsa saboda rashin taɓawa. Idan an tambayi maigidan sai ya ce ai lalaci ne irin na matan zamani. Idan kuwa matar aka tambaya, amsarta ba ta wuce kalma biyu: ba lokaci.

Ita ce mai gaskiya. Kuma abin da ya kamata ɗan'uwa matashi ya sani, ko ya yi aure ko yana shirin yi, shi ne mafi yawan lokacin nan da ta rasa a hannunsa yake.

Ɗan'uwa ya zauna ya lissafa yinin matar da take da goyo da kuma wani yaro ɗaya ko biyu. Daga sallar asuba za ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta dama koko, ta yi wa yara wanka. Kafin ta gama shara da wanke-wanke hantsi ya dubi ludayi, ga wankin tsummokin jariri yana jira. Daga nan sai abincin rana, kafin a sauke shi an kira azahar, bayan la'asar kuma a fara hidimar tuwon dare. A tsakanin waɗannan duka akwai shayarwa da rarrashi da baƙi, da jiran mai ruwa wanda ba lallai ne ya zo ba. To, a wane gurbi ne za ta zura zare a allura? Abin da ya rage mata shi ne bayan isha'i, lokacin da jiki ya mutu, wuta kuma babu tabbas, sai ta dinga ƙura ido a ɗan hasken fitila har idon ya fara ruwa.

Wannan kuwa ba a ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da wani rahoto a 2018 wanda ya nuna cewa a faɗin duniya mace kan ɓatar da awa 4 da minti 25 a kowace rana wajen aikin gida da reno wanda ba a biyanta ko kwabo, alhali namiji awa 1 da minti 23 yake yi. Wato fiye da ninki uku ke nan.

Wani zai ce, to iyaye da kakanni fa? Ai sun yi kaɗi, sun yi saƙa, sun ɗinka huluna, kuma 'ya'yansu sun fi na yanzu yawa. Haka ne, amma a duba irin gidan da suka zauna. Gidan gandu ne mai sassa da yawa, inda akwai kishiyoyi da facaloli da suruka da ƙannen miji. Matar da ba ranar girkinta ba ce, yinin nata ne, ta baje tabarma a inuwa ta yi sana'arta. Jariri kuwa hannu goma ne ke karɓarsa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai wata babbar kasuwa ɓoyayya a cikin gidajen Hausawa wadda mata ke tafiyar da ita ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Wannan kasuwa ta tsaya ne a kan taimakekeniya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau kuwa saurayi ya kama ɗaki da falo a gidan haya, nesa da danginsa da danginta, ya ajiye yarinya ita kaɗai, sannan yana jiran ta yi aikin da mata huɗu suke rabawa a gidan ubansa. Hannayen nan da suka ɓace, babu mai maye gurbinsu sai shi.

Kada kuma ɗan'uwa ya ɗauka maganar allura ƙaramar magana ce. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar, ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus, kuma a cikin gidaje da ƙananan rumfuna ake aikin. A Birnin Zariya, aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas a da na maza ne, musamman malamai da almajiransu, amma daga shekarun 1970 mata suka shiga cikinsa sosai suna yi a tsakar gidajensu. Hular da saurayi yake karyawa ranar Juma'a yana taƙama, mai zane ne ya zana, amma galibi wata baiwar Allah ce ta yi makonni tana soka allura ɗaya bayan ɗaya kafin ta kai hannun mai wanki da dillali. Sannan masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu kuma suka bi bayanta. Magidancin da aka sallama daga irin wannan aiki shi ya fi kowa sanin darajar 'yan kuɗin da ke fitowa daga keken matarsa.

Akwai kuma nau'in ɗinkin da ya fi kowanne cin lokaci, wato a jera ƙyalle a kan ƙyalle, a sa auduga ko tsumma a tsakiya, a bi shi da allura layi-layi har ya zama abu ɗaya mai kauri. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan aiki, domin shi ne lifidi, wanda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekarun 1390 zuwa 1410, aka fara sa shi, kuma har yau ana ganinsa a jikin dawaki ranar hawan salla. A ƙasar Amurka kuwa, bargon rufa suke yi da irin wannan ɗinki. A wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, akwai mata baƙar fata jikokin bayi, waɗanda a da suke yini a gonar auduga tare da mazansu, ga 'ya'ya rututu, ga gidajen katako da sanyi ke ratsawa. Da tsofaffin wandunan aiki da buhunan da aka gama amfani da su suke haɗa bargunan. Yadda suka samu lokaci shi ne abin lura: kowace takan harhaɗa fuskar bargonta ita kaɗai a ɗan lokacin da ta samu, idan an gama aikin gona kuma sai su taru a gidan ɗaya daga cikinsu su yi wa bargon taron dangi, su gama su koma na wata. Wato gayya. Bargunan nan da aka yi don maganin sanyi, a 2002 aka baje kolinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na biranen Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki.

To, idan wani ya ce shi ba ruwansa da misalin Amurka, ga wanda ba zai iya kauce masa ba. An tambayi Nana A'isha (RA) abin da Manzon Allah (SAW) yake yi idan yana gida, sai ta bayyana cewa yana cikin hidimar iyalinsa ne har lokacin salla ya yi ya fita, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. A ruwayar Imamu Ahmad kuwa ta ambaci cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Matarsa Zainab bint Jahsh (RA) tana jima tana ɗinkin fata, abin da ta samu ta yi sadaka da shi. Zainab matar Abdullahi bin Mas'ud (RA) ma mai sana'ar hannu ce, tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka kuma yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. A fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar na Shehu Khalil ya rarrabe tsakanin hidimar cikin gida irin su kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, da kuma kaɗi da saƙa, ya nuna na biyun ba a wajabta mata yi wa miji su ba. Ma'ana, abin da ta samu da allurarta dukiyarta ce, ciyarwa da tufatarwa kuma suna nan a wuyansa. Saboda haka mijin da yake cewa a yanka kuɗin cefane tunda ai tana ɗinki, ko yake ranto kuɗin hularta ba ya biya, ya ji tsoron Allah.

Uzurin da aka fi ji shi ne gajiya: mutum ya yini a kasuwa ko gareji ko bisa babur, ya dawo kuma a ce ya ɗauki yaro? Gajiyar gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma ɗan'uwa ya yi wa kansa adalci, ya ƙirga awannin da ke tafiya a majalisa da teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo da latse-latsen waya. Wanda yake da ƙarfin gardamar ƙwallo har sha ɗayan dare, yana da ƙarfin riƙe ɗansa na awa ɗaya.

Wani kuma mafitarsa ita ce ya jibga wa babbar 'yarsa nauyin, a hana ta makaranta don ta yi reno, ko a ɗora mata tire ta fita talla. Wannan an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin lokacin da aka ba uwar daga karatun 'yar aka yanko shi. Wani kuwa cewa zai yi ga gwanjo da yadin Sin sun cika kasuwa da araha, wahalar me za a sha? Ya manta cewa sauƙin kayan kasuwa ba ya sa kwabo a hannun matarsa ranar da aka yi haihuwa a gidansu tana son ta kai ɗan abin barka ba tare da ta roƙi kowa ba. Bayan kuɗi ma akwai wani abu. Abinci a dafa a cinye, ɗaki a share ya sake baci, wanki a yi gobe ya taru. Ɗinki shi ne aikin da take gamawa ta ɗaga ta gani ya tsaya, ta san hannunta ne ya yi. Matar da aka raba da wannan, sannu a hankali ƙunci yake shigarta, maigida kuma ya rasa dalilin yawan faɗa a gidansa.

Abin da ake nema daga ɗan'uwa ba shi da yawa. Na farko, su zauna shi da ita su yanke lokaci sananne, ko da awa ɗaya ce a yini, wanda kowa a gidan ya san na ɗinki ne, kuma ya fi kyau ya kasance da sauran hasken rana, domin aikin allura da ido ake yinsa. Na biyu, ruwa da itace ko gawayi da niƙa da cefane ya tabbatar sun iso kafin ya fita, don kada hantsinta ya ƙare a jira. Na uku, idan ya dawo ya kwashi yaran ya fita da su ƙofar gida, ko ya raka su makarantar allo, ko ya zaunar da su ya biya musu karatu. Na huɗu, keken ya samu mazauni na dindindin, zare da almakashi da ƙyallaye su samu kwandonsu inda hannun yara ba ya kaiwa, domin mai minti ashirin idan ta ɓatar da goma wajen neman allura ta tashi a tutar babu. Na biyar, fitila mai aiki da hasken rana da man keke da kuɗin mai gyara ba su kai abin da shayi ke ci a wata ba. Na shida, idan maƙwabta mata suna son su riƙa haɗuwa a gidan ɗayansu, wata ta riƙe yara wasu su yi ɗinki, su dinga karɓa-karɓa, kada ya zama shi ne mai hanawa. Mahaifiyarsa ma kada ya manta da ita: ido yakan fara gaza ganin abu na kusa bayan shekara 40, tabarau mai sauƙin kuɗi bayan an gwada ido yana iya mayar mata da sana'ar da ta ajiye tana zaton tsufa ne ya raba su.

Wanda bai yi aure ba kuwa, tun yanzu ya sayi allura da zare. Maɓallin rigarsa da ya cire, da aljihun da ya ɓarke, ya zauna ya gyara da kansa maimakon ya miƙa wa ƙanwarsa da ke fama da wanke-wanke. A ranar da ya yi rabin awa yana fama da maɓalli ɗaya, a ranar zai san abin da hular kansa ta ci.

Da yayyafi kogi kan cika. Awa ɗaya a kullum, a shekara ta haura awa 360, kuma wannan ya isa a ɗinka kayan sallar yara, a fitar da huluna, a haɗa bargon da za a rufa da shi idan hunturu ya shigo. Ɗan'uwa idan ya koma gida yau, ya fara da sauke kwanukan nan daga kan keke. Allah Ya ba da ikon gyarawa, amin.