Kafin ka biya kuɗin farauta a ƙasar waje

1/ Duk mai shirin fita waje farautar manyan dabbobi karo na farko, ni dai a ganina zaɓen kamfanin da zai kai ka daji ya fi zaɓen bindiga muhimmanci.

2/ A 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya harbi zaki Cecil da kibiya a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabwe. Hukumomi suka ce gonar da aka yi harbin ba ta da izinin kashe zaki. Shi ya ce da 'yan jagora ya dogara. To sunan wa ya ɓaci? Nasa.

3/ Don haka kar hotunan Instagram su ruɗe ka. Ka nemi lasisin maharbin da zai raka ka, da takardar izinin dabbar a wannan filin. In Namibiya ce, duba ko suna cikin ƙungiyar NAPHA.

4/ Kuɗin kashi biyu ne: na kwana, da na kowace dabba. In ka ji mata rauni ta gudu, yawanci sai ka biya cif. A rubuta komai, sannan ka ba da kafin alƙalami.

5/ Araha ba ta ado fa. Zaki mai arha a Afirka ta Kudu galibi na kiwo ne, an sake shi cikin shinge. Ina farauta a nan?

6/ Sannan ka tambaya: nawa ke shiga hannun mutanen ƙauyen? A filayen al'umma na Namibiya suna samun kuɗi da nama. In kamfani ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.