Daga Randa Zuwa Duro: Kayan Aikin Masu Dafa Tsiro

Hausawa na cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Mai dafa giya a gida, ko a wace ƙasa yake, ba shi da halin sayen injin masana'anta, saboda haka da abin da ya tarar a tsakar gida yake harhaɗa kayan aikinsa. Babban aikin kuwa shi ne dafa tsiro, watau a cuɗa niƙaƙƙen tsiron hatsi da ruwan zafi har sitacinsa ya juye ya zama zaƙi, sa'an nan a tace a raba ruwan da dusa.

A ƙasar Amurka, bayan da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, masu wannan sha'awa sun yi ta ƙirƙirar dabaru. Wani marubuci mai suna Charlie Papazian ya yaɗa dabarar bokiti biyu: a huhhuda gindin ɗaya, a zura shi cikin ɗayan, shi ke nan mataci ya samu. Wasu kuma kular ƙanƙara suke sa wa famfo, domin tana riƙe zafi wajen digiri 65 har tsawon awa guda, wanda shi ne abin da tsiron sha'ir yake bukata.

To, amma tun kafin haka matan Filato da Binuwai da kudancin Kaduna masu dafa burukutu, da takwarorinsu masu fito a arewacin Ghana, suka warware matsalar da ta fi wannan wuya. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya zarce, alhali kuwa irin wannan zafi yana kashe sinadarin tsiro mai kawo zaƙi. Dabarar da aka sani ita ce a dama garin tsiron, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan da ya taso a ajiye gefe, a tafasa abin da ya kwanta, daga bisani a mayar masa da ruwansa. Randa da tukunya da kwando su ne injinsu, hannu kuma shi ne ma'aunin zafi. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antu ma sai da suka koma wa dawa, suka yi karo da wannan matsala.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, randa tana fashewa, tana kuma da nauyi, don haka duro ya maye gurbinta a gidaje da yawa. Duron nan kuwa sau da yawa mai ko fenti ko maganin ƙwari ya ɗauko. Burukutu abu ne mai tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe, sai tsatsa da guba su narke a ciki ba tare da ido ya gani ba. Irin wannan guba ba ta kayar da mutum rana ɗaya; a hankali take taruwa a jiki, ta taɓa ƙoda da hanta.

Kada Musulmi ya ce wannan magana ba tasa ba ce don ba ya shan giya. Mai kunun zaƙi ma da tsiro ko dankali take samo zaƙinta, kununta yana da tsami, kuma a irin waɗannan durarruka da jarkoki ake yawan zuba shi a kai kasuwa da makarantu.

Lalle ne duba-gari su riƙa leƙa mazubi, ba tsabtar tsakar gida kaɗai ba. Masu sana'ar kuma su tambayi abin da duro ya taɓa ɗauka kafin su saya. In babu amsa, tukunyar ƙasa ta fi aminci. Allah ya kiyaye.