Mu sabunta jadawali kafin mu dogara da shi

'Yan uwa ɗalibai, daga Gumel zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, wasunmu kan rubuta jadawalin karatu a fayil guda, mu buɗe shi a waya da kuma kwamfuta. Sai dai manhajar rubutu idan ta buɗe fayil, kwafinsa take riƙewa. Idan abokin karatu ya gyara ranar wata jarrabawar NECO daga wayarsa, allonmu zai ci gaba da nuna tsohuwar rana. In muka adana a haka, gyaransa na iya gogewa.

Masu amfani da manhajar Emacs sun san wannan. Org mode, wanda Carsten Dominik ya fara a 2003, yana tattaro ayyuka daga fayiloli ya jera su wuri ɗaya. Sukan kunna global-auto-revert-mode domin manhajar ta sake karanta fayil ɗin da ya canza, sannan su danna harafin g jerin ya sabuntu.

Dillali a kasuwar Maigatari ba ya cinikin sa ranar Alhamis da farashin makon jiya. Mu ma mu sake buɗe fayil kafin mu gyara shi. Ranar jarrabawa kuwa, mu tabbatar da ita a allon sanarwar makaranta.